Tambayi Likita: Fenisilin da Danginsa

Wata uwa daga Kano: Likita, ɗana mai shekara huɗu yana fama da mura. Na sayo masa Amoxicillin a kemis, yau kwana uku babu sauƙi. Ko jabu aka ba ni?

Amsa: Sannu da jinya Malama, Allah ya ba shi lafiya. Mai yiwuwa maganin lafiyarsa ƙalau, aikin da ba nasa ba aka sa shi. Amoxicillin ɗan gidan fenisilin ne, shi da Ampicillin da Cloxacillin. Ƙwayar bakteriya tana da katanga da ta kewaye ta kamar ganuwar gari, kuma kullum cikin gini take, musamman idan za ta rabu biyu ta hayayyafa. Fenisilin maginan yake ɗaure wa hannu. Sai katanga ta tsage, ruwa ya kwarara ciki, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Bairus mai kawo mura kuwa ba shi da wannan katanga, don haka maganin ba ya samun abin kamawa. Amma ki ɗaga rigarsa ki duba: idan numfashinsa na sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ki kai shi asibiti yau. Wannan alamar nimoniya ce, kuma a can ne Amoxicillin ke ceton rai.

Wani ɗalibi daga Maraɗi: Waɗanne cututtuka ne fenisilin da danginsa ke warkarwa?

Amsa: Nimoniya, ciwon kunne na yara, da ciwon maƙogwaro mai mugunya, wanda in an yi sakaci da shi yakan taɓa zuciya daga baya. Marurai da ƙurajen fata, Cloxacillin ne gwaninsu. Tunjere har gobe allurar fenisilin ce maganinsa. Yara masu sikila ma mukan ɗora su a kansa kullum tun suna jarirai har su kai shekara 5. Zazzaɓin cizon sauro ba ya cikin lissafi.

Wani direba: Da, kafso biyu na Ampiclox sun ishe ni. Yanzu ko gezau. Me ya faru?

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Ampiclox haɗin Ampicillin da Cloxacillin ne. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928 bayan fumfuna ta faɗa cikin farantin gwajinsa, ya yi gargaɗin haka a 1945 da ya karɓi kyautar Nobel: shan maganin ƙasa da ƙima yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Kafso biyu raunanan yake kashewa, masu taurin kai su rage su cika gida. Wasunsu ma suna fitar da sinadarin da ke karya maganin, shi ya sa aka yi Augmentin, wato Amoxicillin mai ɗauke da kariya. Ta irin wannan juriya ne ciwon sanyi ya daina jin fenisilin. Ka je a gwada ka, kuma ka shanye iya kwanakin da aka rubuta maka ko da ka ji garau.

Wata amarya: Na sha fenisilin, sai jikina ya yi borin jini.

Amsa: Ki dakata da shi, ki riƙa gaya wa duk likitan da zai duba ki. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, a garzaya da ke asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.