Dannau ya matsa min tun da aka fara jarabawa, aljani ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a Samaru, tun da muka shiga jarabawa nake fama da dannau, sai in farka cikin dare ina jin komai amma ko yatsa na kasa ɗagawa, ƙirjina ya yi nauyi, wani lokacin har inuwar mutum nake gani a bakin ƙofa. Ƙawayena sun ce aljani ne, wata ma ta turo min lambar wani mai magani a TikTok. Dan Allah me ke damuna?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu kinji. Ki kwantar da hankalinki, dannau ba ya kisa kuma ba ya shanye jiki, duk tsananinsa daga 'yan sakanni ne zuwa 'yan mintuna sai ya sake ki.

Kin ga shi bacci hawa-hawa ne, kusan duk minti 90 mutum na shiga matakin da aka fi yin mafarki, wanda likitoci ke kira REM, a 1953 aka gano shi a Jami'ar Shikago ta Amurka. To a wannan matakin ƙwaƙwalwa da kanta take kulle tsokokin jiki, kuma wallahi rahama ce babba, don da ba haka ba mai mafarkin ana binsa da gudu sai ya miƙe ya je ya gwaru da bango. Abin da ke faruwa da ke shi ne hankalinki ya riga jikinki farkawa, ido na motsi kunne na ji amma kullen nan bai saki ba tukuna. Nauyin ƙirjin kuma saboda tsokokin haƙarƙari su ma suna kwance ne, ke ga tsoro kina son jan dogon numfashi ya ƙi janyuwa, alhali huhunki na nan yana aikinsa. Inuwar bakin ƙofa ragowar mafarki ce ta biyo ki ido biyu.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. Wani nazari da aka fitar a 2011 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa yinsa, amma a ɗalibai ya kai wajen 28 cikin 100. Dalili a fili yake, a kwana a aji ana karatu, a biya wajen mai shayi a sha Nescafe ƙarfe ɗayan dare, a dawo hostel maimakon a kwanta sai a ɗau waya ana dannawa har kiran assalatu, ga fargabar jarabawa a kai. Baccin da aka yi ta yankewa haka shi ya fi jawo shi, sai kuma kwanciyar rigingine.

Ni ban ce ki bar azkar ɗinki ba, a'a ki riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ki kwanta ta gefen dama kamar yadda sunna ta koyar, wannan ma kaɗai ya raba ki da rigingine. Amma mai maganin TikTok ɗin nan dan Allah ki ƙyale shi, raina na ɓaci in na ga ɗaliba ta kwashe kuɗin abincinta ta sayi gorar da ba ta san me aka zuba ciki ba, irin wannan haɗe-haɗen na iya taɓa ƙoda ko hanta.

Ki samu baccin awa 7 zuwa 8 a lokaci ɗaya kullum, wayar ki ajiye ta nesa da filo. In ya zo kar ki yi kokawa da shi, ki ja numfashi a hankali ki yi ta ƙoƙarin motsa yatsan ƙafa, ki kuma gaya wa 'yar ɗakinku in ta ji kina nishi ta taɓa ki. Idan kin gyara baccin amma yana zuwa duk sati, ko bacci na fizgarki da rana tsaka ba shiri, ko gwiwoyinki na saki in kin yi dariya, to ki je asibitin makaranta su tura ki asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, don akwai ciwon bacci da ake kira nakolefsi da ke zuwa da waɗannan alamun kuma ana shan maganinsa.