Nijar ta fita daga ECOWAS: wane tanadi ya kamata Najeriya ta yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina saro wake da dabbobi daga Maraɗi ina kawowa Katsina da Kano. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS hankalina bai kwanta ba. Me gwamnati za ta yi don kada wannan fita ta durƙusar da kasuwancinmu? Daga wani mai karatu a Jibiya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Fitar ba ta rufe iyaka ba. Abin da ta ɗauke shi ne lamuni. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairu 2024, ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A lokacin ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfon mutanen ƙasashen uku, su kuma bar kayansu su shigo bisa tsohon tsarin sauƙaƙa ciniki, har sai an ji wani sabon umarni. To ka ga, da can haƙƙi ne rubutacce a yarjejeniya, yanzu alfarma ce, kuma mai alfarma yana iya janyewa ranar da ya ga dama.

An fara gani. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. A Maris 2025 ƙawancensu na AES ya sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙasashen uku. Harajin bai taka kara ya karya ba. Hanin ne ke ciwo, domin dare ɗaya ake yin sa: ka biya kuɗin wake, an ɗinke buhuna, an yi lodi, direba ya iso Ɗan Isa a ce masa ya juya. Wa zai biya ka kuɗin mota da na 'yan dako?

Saboda haka, a ganina, babban aikin gwamnati shi ne ta nemi yarjejeniya tsakaninta da Nijar kai tsaye, a rubuce. Ba sai an ƙirƙiro wata sabuwar hukuma ba. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971, hedikwatarta tana Yamai, ta ma girmi ECOWAS ɗin da aka kafa a 1975. A can ya kamata a zauna a fayyace kayan da za su wuce ba haraji, musamman amfanin gona da dabbobi, da takardar da direba zai nuna a Illela ko Jibiya ko Maigatari, da tsawon wa'adin da kowace ƙasa za ta ba ɗaya kafin ta hana fitar da wani kaya. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci ga irinku. Idan ba a rubuta ba, kayan Nijar na iya faɗawa ƙarƙashin harajin bai ɗaya na ECOWAS, wanda ke kaiwa kashi 35 cikin ɗari a kan wasu kaya. Muritaniya ma ta fita daga ECOWAS a shekarar 2000, daga baya a 2017 ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙungiyar. Sannan Najeriya da Nijar duka suna cikin yarjejeniyar cinikin Afirka baki ɗaya, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne ramuwar gayya. Mun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har da yanke wutar lantarki. Jihohi bakwai ne ke da iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma su suka fara shan wahala. Kayan ba su daina wucewa ba, sai dai sun koma bin daji a kan babura, farashi ya tashi, kwastan ta rasa kuɗin shiga.

Akwai kuma aikin cikin gida: rumbunan ajiyar hatsi da bunƙasa kiwo, don kada hani ɗaya daga Yamai ya hautsina kasuwar Dawanau ko ta ragunan layya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi kuwa, in aka kammala shi ba tare da yarjejeniyar kwastan ba, kayan za su riƙa kwana a kan iyaka kamar yadda tireloli ke yi.

Kai kuma, Alhaji, kada ka zuba jarinka duka a lodi ɗaya. Nijar ba ta fita daga ƙungiyar masu kuɗin sefa ba, don haka canji yana nan yadda ka san shi. Ka riƙa tuntuɓar ƙungiyarku ta 'yan kasuwa da abokin cinikinka na Maraɗi kafin ka tura kuɗi, ka kuma adana rasit da takardar likitan dabbobi na kowane zuwa.