Ƙasa ta tsage a bayan gidanmu, amma Baba ya ƙi tashi

Tambaya: Ina sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12 a Legas, iyayena kuma suna wani ƙauye a gangaren dutse kusa da Gembu. Ƙanena ya bugo cewa ƙasa ta tsage a bayan gida, Baba kuwa ya ce tun kakanni ake zaune a nan, ba inda za shi. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya. Mazaunin dutse ya fi mu sanin ƙasarsa, sai dai yana auna haɗari da abin da ya saba gani, kamar iskar da ke yaye rufi ko tsawar da ke kashe shanu. Zaftarewar ƙasa takan daɗe ba ta zo ba, shi ya sa ba ta cikin lissafinsa.

Maganar "tun kakanni" ita ce ta fi ba ni takaici, domin kullum sai na ji ta. Gangaren da kakanni suka zauna ba shi ne na yau ba: an sare itatuwan da saiwoyinsu ke riƙe ƙasa, an yanke gindin tudu an yi gini, ruwa kuma yana shiga ta tsagar yana ƙara wa ƙasa nauyi yana sassauta ta. Ranar 14 ga Agusta, 2017, dutsen Sugar Loaf ya zaftaro wa Freetown a Saliyo da sassafe, fiye da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace, alhali su ma sun shekara suna kwana lafiya a ƙarƙashinsa. Sai kuma masu damfara da ke karɓar kuɗi su ce aljanun dutse ne ke neman yanka. Jinin akuya ba ya fitar da ruwa daga cikin ƙasa, kuma Annabi (SAW) ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Kada ka yi wa Baba gardama ta waya. Ka nemi liman ko mai unguwa ya je ya ga tsagar da idonsa. Ƙanenka ya kafa turaku biyu a gefe da gefenta, ya riƙa auna tazararsu kowace safiya. In ta ƙaru, ko itatuwa suka karkata, ko ƙofa ta ƙi rufuwa, ko ruwan marmaro ya gurɓace, su kwana a wani wuri daren nan, kada su jira takardar wani ofis.