Tambaya da amsa: Akwai wanda ya san dokin da zai ci tun kafin a tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a unguwar Bukoki, nan Yamai. Wata huɗu ke nan ina cikin wani gurup na WhatsApp, duk mako ina tura wa mai shi jika biyar, shi kuma kullum yana ba mu lambobi biyar na tseren dawakin Faransa. Ya ce yana da mutum a can cikin barga mai ba shi tiyo, wato labarin sirri na dokin da zai ci. Sau ɗaya tak lambobinsa uku suka fito, su ma a hargitse. Yanzu ya ce lamba 7 ta yi kwana ashirin ba ta fito ba, lokacinta ya yi, in ƙara jika goma ya sa ni a gurup na manya. Har kuɗin ɗinkin mutane na fara taɓawa. Don Allah akwai hanyar gane dokin da zai ci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ƙara tura masa ko dala. Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, malamanka za su faɗa maka fiye da ni. Nawa shi ne abin da ke cikin takardar tsere, kuma a can ma mutumin nan ba shi da gaskiya.

Lamba ba ta gudu, doki ne ke gudu. Lamba 7 ta jiya wata goɗiya ce mai sassarfa tana jan keke a filin tsere na Bansan da ke Faris, lamba 7 ta gobe wani ingarma ne mai tsallaken shinge a filin Otoy, shi ma a Faris. Ba su san juna ba, ba bargarsu ɗaya ba. To me za a ce ya yi kwana ashirin bai fito ba? Ƙyalle ne da ake rataya wa dabba ranar tsere, a cire da yamma. Kullum sai an ga mutane zaune gindin kiyos da littafin makaranta cike da lambobin wata shida, wai wannan tana bin wannan, wai in 4 ta zo ranar Talata 11 za ta zo Alhamis. Wani mafarki ya yi, wani lambar tasi ya gani, wani boka ne ya buga masa ƙasa. Duk ɓata tawada ne.

Abin da lamba ke faɗa kaɗan ne, kuma ba sirri ba ne. A tseren sukuwa na handikaf, inda ake ɗora wa dawaki nauyi dabam-dabam don a daidaita su, lamba 1 ita ce mai ɗauke da nauyi mafi yawa, yana raguwa har ƙasa. A sassarfa, inda dawaki ke juyowa su tashi da kansu, ana jera lambobi bisa kuɗin da doki ya taɓa ci, saboda haka manyan lambobi su ne gogaggu, wani lokaci a mayar da su baya da mita 25. In kuwa bayan mota ake tashi, kamar tseren mita 2,100 na Bansan, lamba 1 zuwa 9 su ne sahun gaba, saura sahu na biyu.

Yanzu mu yi wa mai tiyo lissafi. In dawaki 16 suka tashi, ukun farko na iya fitowa ta hanya 3,360 a jere, ko 560 a hargitse. Biyar a jere kuwa 524,160. Lambobi biyar da yake ba ku suna rufe haɗin uku-uku guda 10 cikin 560 ɗin, wato ɗaya cikin 56. Wata huɗu, kullum tsere ɗaya, kusan tsere 120 ne. Da yaron shagonka ka sa ya rufe ido ya riƙa jawo lambobi daga cikin hula, da an sa ran ya dace kusan sau biyu. Mai mutum a barga ya dace sau ɗaya.

Sannan ka duba yadda ake biya. A PMU, wato tsarin cacar tseren dawakin, ba a tsayar da riba tun farko. Kuɗin 'yan wasa ake tarawa, a cire kason masu shiryawa da na gwamnati, a raba saura ga waɗanda suka dace. Duk wanda ya ƙaru cikin masu ci, rabon kowa ya ragu. Mutumin da ya san sakamako da gaske, ya rarraba wa mutum ɗari uku, da hannunsa ya yanka rabonsa. Wa ke tallar ramin da ya ɓoye kuɗinsa? Abincinsa jika biyar ɗinku ne. Dabarar kuma tsohuwa ce: gurup biyar ko goma, kowanne da lambobi dabam. Wanda ya dace a ɗauki hoton tike a watsa, waɗanda suka faɗi a ce mahayi ne ya riƙe linzami, ko a goge saƙon safe a tura sabo bayan an gama tsere. Gurup na manya kuwa, duk da ban gan shi ba, ƙofa ce ta biyu ta ɗaki ɗaya.

Masu nazari na gaskiya purogaram, wato takardar tsere, suke karantawa. Farko layin da ake kira muzik, misali 2a 5a Da 1a 0a: lambar ita ce matsayin da doki ya zo a tserensa na baya, harafin kuma irin tseren. Daga hagu ake farawa, shi ne tsere na baya-bayan nan. Harafin a sassarfa da keke, m sassarfa da mahayi, p sukuwa a fili, h da s tsallake. D an kore shi, galibi don ya bar sassarfa ya ɓalle da sukuwa. 0 bai shiga taran farko ba. Dokin da D ta yi masa yawa, ko ya fi kowa sauri, ba a dogara da shi. Kuma 1 da aka samu a ƙaramin filin ƙauye ba ta kai 5 da aka samu cikin manya a Bansan ba, inda hanyar mita 2,700 take da gangara da hawa masu fitar da gajiyar doki. Sai takalmi: D4 na nufin an cire masa ƙarfen kofato huɗu, alamar mai horarwa da gaske ya zo yau. A sukuwa a duba kilo, don mai 60 da mai 52 ba ɗaya ba ne a mita ɗari biyun ƙarshe, a duba wurin tashi, a duba ƙasa, domin wani doki ba ya motsi in ruwa ya jiƙa fili ya yi taɓo.

Duk da wannan aiki, dokin da jama'a suka fi sa wa kuɗi kusan sau ɗaya cikin uku yake zuwa na farko, a handikaf mai dawaki da yawa ma bai kai haka ba. Nazari na rage makanta, amma ba ya mayar da kason da aka cire tun daga tukunya, shi ya sa jimillar 'yan wasa kullum a ƙasa take.

Ka fara mayar da kuɗin masu ɗinki kafin su zo karɓar kaya. Shi kuwa mai tiyo, ka ce ya ba ka lambobin kwana 30 kyauta, kowanne kafin a tashi. Ka rubuta su a bayan littafin awonka da kwanan wata, sakamako a gefe, ba tare da ka yanki tike ko ɗaya ba. Galibi daga wannan buƙata ake cire mutum daga gurup.