Dillali ya ce motata tana cikin jirgi mai suna Panamax

Tambaya: Na biya kuɗin mota daga Beljiyam ta hannun wani dillali a nan Maraɗi. Wata uku ke nan. Ya ce tana cikin jirgin ruwa mai suna Panamax, kuma in ƙaro kuɗin fito kafin ya iso Lome. Hankalina bai kwanta ba. In tura?

Amsa: Alhaji, kada ka tura ko dala tukuna. Panamax sunan awon girman jirgi ne, ba sunan wani jirgi ɗaya ba, kamar a ce maka kayanka suna cikin "tirela". Wace tirela?

Irin waɗannan sunaye daga mashigai da tashoshin ruwa aka samo su. Da aka buɗe mashigin Panama a 1914, faɗin ƙofofinsa mita 33.5 ne, sai maƙera suka riƙa ƙera jirgi daidai yadda zai kutsa, faɗi mita 32 da 'yan kai, tsawo kamar 294. Shi ne Panamax. Da aka buɗe sababbin ƙofofi a 2016 aka sami Neopanamax. Suezmax na mashigin Suwez ne. Capesize kuwa shi ne wanda girmansa ya tilasta masa zagayawa ta ƙurewar kudancin Afirka. Wanda ya fi burge ni namu ne na yamma: Kamsarmax, mai tsawon mita 229, domin iyakar abin da tashar Kamsar ta Gini ke karɓa ke nan, inda ake lodin ma'adinin alminiyam.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda 'yan kasuwarmu suka yarda cewa in an faɗa maka sunan jirgi, to an ba ka shaida. Kusan kullum sai wani ya shigo mini da suna rubuce a bayan takarda yana murmushi. Ko sunan na gaskiya ne, me ya tabbatar? Kamfanin Grimaldi, wanda ke kawo motoci daga Turai, yana da Grande Cotonou da Grande Lagos. Na ga wanda ya rantse motarsa Kwatano za ta sauka saboda sunan jirgin kawai, alhali jirgin tashoshi da yawa yake bi, kuma sunan ado ne na kamfani, yadda kamfanin Evergreen ke fara sunayen jiragensa da Ever. Kowane yaro mai waya zai iya ɗauko sunan jirgi da hotonsa a intanet ya turo maka ta WhatsApp. Sannan jirgi yana canza suna in an sayar da shi, wani sau uku ko huɗu kafin a yanka shi. Kai da ba ka sayen rago a kasuwa sai ka taɓa shi, yaya miliyoyin sefa za su fita a kan kalma ɗaya ta Turanci?

Abin da ba ya canzawa shi ne lambar IMO, wato lambar shaidar jirgi ta duniya, alƙaluma bakwai, tun daga ƙira har yanka. Ka ce ya ba ka ita, da takardar lodi da kamfanin jirgin ya fitar, wadda ke ɗauke da lambar shasin motarka da sunan mai karɓa da tashar sauka. In a kwantena take, lambarta haruffa huɗu ce da alƙaluma bakwai. Ka kai wa mai fito da kaya wanda duwan ta san da shi, ya duba lambar takardar a shafin kamfanin kana zaune. In dillalin ya fara cewa gobe, jibi, ka je masa da shaidu biyu da rasit ɗinka.