Amsa ga 'yar'uwar da za su sayar da fili saboda dashen ƙwai

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce shekara shida da aurenku babu haihuwa, likita ya ce sai dashen ƙwai, wato IVF, inda ake haɗa ƙwanki da maniyyin miji a asibiti a dasa miki a mahaifa, maigidanki kuma yana so ya sayar da filinku a biya. Kina tambaya nawa ake kashewa, kuma ko ya cancanta. Ni a Aboabo nake a Kumasi ta Ghana, ina da shagon atamfa a kasuwar Kejetia, sau biyu aka yi mini dashe, don haka abin da na taɓa da hannuna zan faɗa miki.

A duk rubutunki ban ga inda kika ce an gwada maigida ba. In ba a yi ba, ku fara da nan. Ni shekara huɗu ina shan sassaƙe da rubutu, babu irin ɗacin da ban haɗiya ba, maigidana Alhaji kuwa ko asibiti bai leƙa ba, don a Zango in an rasa haihuwa mace ake kallo. Da ya yarda aka yi gwajin maniyyi, sai ga shi ƙwayoyin nasa kaɗan ne, ba su da kuzarin tafiya. Kusan rabin ma'auratan da ke wannan nema, akwai hannun namiji a matsalar. Gwajin ba shi da tsada, ana yinsa a asibitocin Komfo Anokye da Korle Bu, sharaɗinsa ya yi kwana 2 zuwa 7 bai kusance ki ba. Ke ma ki tabbata an duba hanyoyin ƙwanki da hoton HSG, an auna AMH, gwajin jinin da ke nuna yawan ƙwan da ya rage miki, an duba ko akwai ƙari a mahaifa. Wata allurar da ake shirin sayar da fili dominta, ƙila ƙwayar letrozole, mai taimaka wa fitar ƙwai, ce kawai mace ke buƙata.

Maganar kuɗi kuwa, katin inshorar lafiya na NHIS ba ya biyan ko kwabo a nan, yana cikin abubuwan da aka ware tun asali. Adadin da muka biya ba zai amfane ki ba, domin a 2022 muka yi, shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ya zube, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari a Disamba. Allurorin daga waje ake kawo su, dala suke bi. Farashin da aka faɗa mana a watan azumi daban, wanda muka tarar bayan babbar sallah daban.

Abin da ya ƙona mu shi ne takardar farashi. Aka ba mu adadi ɗaya, muka haɗa adashina da sarƙar gwal ta aurena, muka ɗauka an gama. Ashe magani ba ya ciki. Gwajin jini da hoton da ake ɗauka kowane kwana biyu ko uku, daban. ICSI, wato a ɗauki ƙwayar namiji guda a tura ta cikin ƙwai da allura, wanda dole ne a irin matsalar Alhaji, daban. Daskarar da 'yan tayin da suka rage, shi ma daban, har da kuɗin ajiya duk shekara. Ki zauna da biro ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya: me ke ciki, me ba ya ciki, in an soke aikin a tsakiya nawa za a mayar mana? Kuma ki ce su faɗa miki mata nawa masu shekarunki suka haihu a hannunsu, ba nawa suka ɗauki ciki ba. Shekaru suna da nauyi sosai, bayan 35 nasara tana raguwa, bayan 40 ta ragu ƙwarai.

Allurar tara ƙwai ta kullum ce a fatar mara, kwana goma zuwa sha biyu, kuma a firji ake ajiye ta. Dare na shida dumsor ya same mu, wato aka ɗauke wutar lantarki. Ina zaune ina jin firjin ya yi tsit, kuɗin shagona na wata biyu yana ciki. Alhaji ya fita da silifas ƙarfe ɗayan dare, ya buga wa mai sayar da ruwan sanyi ƙofa, ya dawo da ƙanƙara muka jera a kular abinci, muka naɗe allurar da tawul don kada ta daskare. Ki tanadi kula tun yanzu. Allura ta ƙarshe kuma lokacinta ba wasa, kimanin awa 36 kafin a cire ƙwai, in an ce tara na dare to tara ɗin.

Dashen farko bai kama ba. Sati biyu ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai, aka gwada jini, babu. Ban fita kasuwa ba kwana tara. Da fili muka sayar muka zuba duka a wannan karon, da mun tashi ba tsuntsu ba tarko. Shi ya sa nake ce miki in har za ku sayar, ku raba kuɗin gida biyu ko uku, kuma kada ku yi rowar kuɗin daskararwa. Dashenmu na biyu daga 'yan tayin da aka ajiye ne, ba a sake allurar tara ƙwai ba, kuɗinsa bai kusa na farko ba.

Batun halasci, malaman Azhar sun ba da fatawa tun 1980: in ƙwan matar ne da maniyyin mijinta, kuma aure yana nan, ya halatta. Na wani ko na wata ne bai halatta ba. Ki faɗa wa asibitin haka tun ranar farko, a rubuce. Surukata ba ta sani ba sai da cikin ya kai wata huɗu, ban kuma yi nadamar ɓoyewar ba, don ba zan iya da "yaya dai?" kowace asuba ba.

Yarinyar tana nan, ta fara cin waakye da hannu biyu. Saura ɗan tayi ɗaya a daskare, duk shekara muna tura kuɗin ajiyarsa ta waya, har yau ni da Alhaji ba mu tsayar da ranar komawa ba.