Na sa an kulle wanda nake bi bashi, shin ina da laifi wajen Allah?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, akwai wani abokin huldata da muka fi shekara 6 muna harka, bara na ba shi masara bashi ya kai kudu sai farashi ya karye, ya biya wani abu saura naira miliyan 1 da dubu 800, kullum sai ya ce gobe jibi, da na gaji na kai shi caji ofis, aka ce in dai ina son kuɗina su fito sai a rubuta cin amana da damfara, na ce a rubuta. Aka kai shi kotu, an ba da beli amma ya kasa cika sharuɗɗa, yanzu watansa 5 a gidan yari. Shekaranjiya matarsa ta zo gidana da goyo tana kuka, tun daga nan na kasa barci. Malam ina da zunubi? Ni fa haƙƙina nake nema.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji kuɗinka haƙƙinka ne, wannan babu ja, bashi ba ya faɗuwa don mutum ya karye, yana nan a wuyansa har ya biya ko ka yafe. Amma hanyar da ka bi akwai matsala babba a ciki, kuma gara in faɗa maka ita yanzu.

Malamai sun kasa wanda ake bi bashi gida uku. Akwai mai hali da ya ƙi biya, yana hawa mota yana ƙara aure amma kai sai yawo yake maka da hankali, wannan shi Annabi (SAW) ya ce taurin bashinsa zalunci ne, a hadisin Bukhari da Muslim, a wani hadisin na Abu Dawuda da Nasa'i kuma ya ce jinkirin mai hali yana halatta mutuncinsa da yi masa uƙuba, malamai suka fassara uƙubar da tsarewa. Akwai wanda ba a san halinsa ba, yana cewa babu amma ana zargin ya ɓoye, shi alƙali zai iya tsare shi na ɗan lokaci don a bincika. Sai na uku wanda ta tabbata ba shi da shi, toh wannan Allah da kansa ya yanke hukuncinsa a Baƙara aya ta 280, cewa idan ya kasance ma'abocin ƙunci ne sai a jira shi zuwa lokacin da ya samu sauƙi. A Risala ta Ibn Abi Zaid da muka karanta a zaure maganar a dunƙule take, ana tsare mai bashi don a gano gaskiyar halinsa, amma babu tsarewa a kan wanda ba shi da komai. Kuma a Sahihu Muslim an yi wani sahabi da ya sayi 'ya'yan itatuwa ya tafka asara bashi ya yi masa yawa, Annabi ya sa aka tara masa sadaka ba ta kai ba, sai ya ce da masu binsa ku karɓi abin da kuka samu, ba ku da wani abu bayan wannan. Bai ce a ɗaure shi ba.

Yanzu kai ka fi ni sanin mutumin nan a wane gida yake. Amma da bakinka ka ce farashi ne ya karye, ka ce ya biya wani abu, sannan mutumin da ya yi wata 5 a ciki ya kasa cika sharuɗɗan beli, matarsa na yawo da goyo, ai alama ta nuna babu ɗin ce. Mai kuɗi a ɓoye da wuya ya yi sati biyu yana cin gabza bai fito da su ba.

Inda ya fi damuna shi ne wancan "a rubuta" da ka ce. Ka san bai damfare ka ba, ciniki kuka yi da yardarka, amma ka bari aka maida bashi ya koma laifi don kawai a samu hanyar kulle shi, wannan ƙarya ce a gaban hukuma, kuma Annabi ya lissafa zancen zur cikin mafi girman kaba'irai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaitawa. Ko a dokar ƙasa ba daidai ba ne, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, wannan aikin kotun da ke sauraron ƙarar haƙƙi ne, shi ya sa ma aka ce maka sai an canja masa suna.

Mutane da yawa ba su san yadda abin ke tafiya bayan sun kai ƙara sun koma shago ba. Daga caji ofis a rubuta takardar tuhuma a kai kotu, alƙali ya ce a ajiye shi a gidan gyaran hali, wato sunan da aka maida gidan yari tun dokar 2019, ya sa rana, ranar ta zo mai gabatar da ƙara bai zo ba, ko babu motar kawo fursunoni, ko kai mai ƙara ba ka je ba, a sake ɗagawa, haka wata ke bin wata. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a kawai suke. Na taɓa shiga wani gidan yin wa'azin azumi, wallahi ɗakin masu jiran shari'a da gandiroba ya buɗe mana zafin da ya bugo ni sai da na ja baya, mutane a cunkushe babu wajen miƙe ƙafa, bokiti ɗaya a lungu, ƙuraje duk a jikinsu, wani dattijo ya riƙe min hannu ya ce Malam don Allah ka gaya wa 'ya'yana ina nan, ba su ma san inda aka kai shi ba. Irin wajen da abokin huldarka yake kwana kenan. Kuma ka tambayi kanka, a cikin wata 5 ɗin nan naira nawa ta shigo aljihunka? Wanda zai fita ya nemo ya biya ka shi ka sa aka rufe.

Kar wani ya ɗauka Musulunci bai san kurkuku ba, ya sani, an ɗaure Sumama ɗan Usal a ginshiƙin masallacin Madina, a zamanin Sayyidina Umar an sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka dirhami 4,000 aka maida shi wajen tsare mutane. Amma Annabi da ya tsare wani mutum a kan tuhuma, ruwayar ta ce sannan ya sake shi, ba a mance da shi a ciki ba.

Don haka hukuncin shi ne, in ka san ba shi da abin biya, ci gaba da tsare shi a dalilinka haram ne, kuma kowace rana da ya ƙara a ciki kana da kamasho a zunubin. Gobe ba sai jibi ba ka je kotun ka samu rijistara da mai gabatar da ƙara ka ce kana so ka janye ƙorafinka a yi sulhu, ka faɗi gaskiya cewa bashi ne, in ma tsaya masa ake nema ka nemo wanda zai tsaya. Ya fito ku zauna da shugabannin kasuwarku a rubuta takarda da shaidu yadda zai riƙa biya kaɗan kaɗan. In daga baya ka gano yana da fili ko kadara da ya ɓoye, ka kai ƙarar haƙƙi, alƙali yana da ikon sayarwa a biya ka. Ka nemi afuwarsa a kan sunan ɗan damfara da ka sa masa, istigfari kaɗai ba ya wanke wannan, ka kuma aika wa iyalinsa ko buhun masara ne kafin ya fito. Sannan ya halatta masu zakka su ba shi ya biya ka, don waɗanda ake bi bashi suna cikin mutum takwas ɗin da aka ambata a Tauba aya ta 60.

Allah ne mafi sani.